Rasuwar Kyaftin Gamzaki, Kwalkwalin Bilyaminu Mai Inji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga abin da hannu ba ya iya mayarwa, iyalan Malam Bilyaminu Maliki, mai gyaran injin jirgin ruwa a tashar Yelwa-Yauri, suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta, musamman yaran unguwa, rasuwar Kyaftin Gamzaki, wanda ya cika ranar Talatar da ta wuce a kan bandar kifi, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san marigayin ba, kwalkwali ne, wato hular kwano irin ta 'yan sama jannati, fari tas, da baƙin gilashi a fuska da 'yar koriyar fitila a goshi. A wata ƙasa mai nisa aka ƙera shi, domin masu tara kayan wani tsohon shirin talabijin na yawo cikin taurari. Yadda aka yi ya faɗa dilar gwanjo har ya sauka kasuwar Yauri a tsakiyar hulunan 'yan kabu-kabu, wannan sai Allah. Mai gwanjon neman kai yake da shi, don babu ɗan kabu-kabun da zai hau titi da kai kamar tulu. Bilyaminu kuwa, wanda dama in ya ga ɗan kumbon roba sai ya kai shi gida, ya saye shi, ya sa masa batir, ya kifa a kansa.

A nan dole a faɗi abin da kowa ya sani amma ba a faɗa a gabansa. Bilyaminu yana da in'ina, kuma ba 'yar kaɗan ba. Tun yana yaro, da ya buɗe baki mutane suke ƙarasa masa magana, wasu don tausayi, wasu don sauri, kuma rabin lokaci ba abin da yake nufi suke ƙarasawa ba. Shi ya sa ya zaɓi inji, don inji ba ya karɓe wa mutum zance. Abin da ya fi ci masa rai 'yarsa ce tilo. Shi da kansa ya zaɓa mata suna Yasira, amma bai taɓa kiranta ya kai ƙarshe ba. Da ya maƙale a "Ya", yarinyar za ta ce "Na'am, Baba", shi ke nan an rufe masa ƙofa cikin ladabi.

Marigayin yana da maɓalli a ƙarƙashin haɓa. In an danna, sai ya ce "ɗin-ɗin-ɗirrr", fitilar ta kama, muryar mai shi ta dawo masa a kunne da kauri da amo, kamar mai magana cikin randa. To a cikin wannan randar harshen Bilyaminu ya kwance. Ba a tambayi likita dalili ba, don wanda ya tsinci dami a kala ba ya neman mai gona. Kalmar farko da ta fito ita ce sunan yarinyar, cikakke, ba gargada. Fauziyya, matarsa, tana kwasar tuwo a lokacin, kuma ta shaida cewa mara ta faɗa mata cikin tukunya.

Marigayin ya yi kyakkyawan zama da mutane. Bai taɓa katse ubangidansa ba. Abincinsa batir ne, shi ma ba ya zaɓe. Ya kori akuyar maƙwabta daga kan shanya fiye da yadda sanda ta taɓa yi. Kullum bayan la'asar yakan zauna a kan turmi, Yasira a gaba, yaran unguwa a baya, ya ba da labarin kumbonsa mai ratsa taurari. Masu lura sun lura cewa injin wannan kumbo yana fama da irin ciwon jiragen Kainji sak, yau fulogi, gobe ruwa a mai, amma ba wanda ya ɗaga maganar. Wani mai tara irin waɗannan kaya ya ga hotonsa a waya, ya taso tun daga Abuja da niyyar saye. Sai da Bilyaminu ya shiga ɗaki ya sa marigayin a kansa, sannan ya iya fitowa ya ce masa a'a yadda ya kamata.

Ciwon ajali ya sami marigayin ne a kan ruwa. An gayyace shi bikin suna a wata tungar masunta a tsallake, ya yi wa yara wasa har suka raka shi gaɓa. A dawowa aka sa shi cikin buhu a ƙasan jirgi, inda ruwan yoyo yake taruwa, kuma mai kwarfar ruwan ya shagala da hira. Da aka iso gida aka danna maɓalli, sai ya ce "ɗin... ɗ... ɗ...", ya tsaya. Waɗanda suka ji sun ce abin da ya fi karya musu zuciya shi ne ganin marigayin ya kamu da ciwon ubangidansa.

An yi iya yi. An binne shi cikin buhun shinkafar Shanga kamar yadda ake yi wa waya. An kai shi wurin masu gyaran waya na bakin kasuwa, suka buɗe, suka leƙa, suka rufe, suka ce sai haƙuri. Bilyaminu, wanda ya tayar da injinan da suka kwana a ƙarƙashin ruwa, ya zauna da sukundireba a hannu yana kallon wani ɗan koren allo da bai kai tafin hannu ba, bai san ta inda zai kama ba. Ya daina cin abinci.

Wannan ne Inna Dudu, mahaifiyarsa, ta kasa gani. Ita duk rayuwarta bandar kifi take yi, kuma magani ɗaya ta sani ga duk abin da ya fito ruwa. Da ɗanta ya tafi tasha, ta ɗauki marigayin da bisimilla, ta kwantar da shi a kan ragar banda tsakanin tarwaɗa, ta rufa masa kwali, ta ƙara itace don ya ji ɗumi. Da ta dawo juya kifi, fuskar ta zubo, goshin ya lotsa, fitilar ta nutse ciki. Ta rantse kafin ya cika ya yi "ɗirrr" guda, doguwa, ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

"To ni mi nas sani?" in ji ta, tana share hawaye da bakin zane. "Duk abin da yaj jiƙe, ga banda aka aza shi. Kihi bai taɓa narke min ba, ɗan nan."

Bilyaminu ya durƙusa gabanta zai ce ba komai. Ya maƙale a "ba". Inna ta ƙarasa masa, sannan su biyun suka yi kuka. Babu wanda za a kama da laifi, kuma wannan ya fi komai ciwo. An duba kasuwannin intanet gabas da yamma, an tarar masu ƙera irinsa sun daɗe da rufewa, masu shi kuma ba sa sayarwa.

Marigayin ya bar alkyabba mai ruwan azurfa wadda telan unguwa ya ɗinka masa, da safar hannu ɗaya, da bindigar roba da ba ta taɓa harbin kowa ba, da ƙananan kumbuna a kan kanta, ɗaya ba fiffike. Ya bar batura sababbi da ba su san an yi rasuwa ba. Ya kuma bar labari a tsakiya: kumbo ya mutu tsakanin taurari biyu, Kyaftin yana waje da sifana a hannu. Tun ranar Talata Bilyaminu ke fita kafin Yasira ta farka, ba ya dawowa sai ya tabbata ta yi barci. Tsoro yake ji, tsoron cewa Kyaftin take so, shi kuwa haƙuri kawai take yi da shi kamar kowa.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin darbejiyar bayan gida. Liman ya ce babu salla a kan roba, kuma iyalai sun karɓi hukuncin. Ba za a yi wanka ba, don ruwa ne ya fara kayar da shi. Kada kowa ya kawo turare, marigayin ya sha hayaƙin da ya ishe shi. Alkyabbarsa ce likkafaninsa.

Game da jawabi, iyalai sun so a ba Kawu Sani, wanda bakinsa ba ya kwana. Yasira ta ƙi. Ta tare ubanta a zaure da asuba, takalmansa a hannu, ta ce: "Baba, ai na san kai na cikin hulag ga tun ranar hwarko. Kai ka ƙare min labarin. Ko mu kai isha'i, ba ni zuwa ko'ina."

Don haka Malam Bilyaminu ne zai yi jawabin, da fuskarsa a buɗe. Masu jirgi sun ce kwana biyun nan suna ganinsa a gaɓa, ya tayar da inji don kada a ji, bakinsa yana motsi. Ba mu san ko zai iya ba, shi ma bai sani ba. Ana roƙon masu zuwa su zo da tabarma, don an san lokacin farawa, ba a san na tashi ba. Kada kowa ya sunkuyar da kai, kada kowa ya duba agogo, kuma don girman Allah kada kowa ya ƙarasa masa kalma, har da Inna. Zai fara ne da kiran sunan 'yarsa. Yasira za ta zauna a gaba, kuma ta ce wannan karon ba za ta amsa ba sai ya kai ƙarshe.