Farfesa Kashi-Cikin-Ɗari Ya Soke Ɗan Tartsatsi

Duniya ta yi babbar sa'a da ta samu Farfesa Kashi-Cikin-Ɗari. Ba wata jami'a ce ta ba shi farfesancin ba, shi ya dubi kansa a madubi ya ga ya cancanta. Litinin zuwa Juma'a yana ofis yana buga hatimi a kan takardun da wasu suka rubuta. Amma ranar Asabar da la'asar, idan Tela ya kwashe yadi da almakashi daga teburin yanka aka shimfiɗa taswira, a nan ake ganin girman mutumin.

Wasan nasu na labari ne. Kowa yana da jaruminsa rubuce a takarda, da ƙarfinsa da yawan ransa. Malama, wadda ke koyar da 'yan aji uku, ita ke jan labarin. Ta ce ga kogo, ga dodo, me za ku yi? Sai a jefa dayis, irin na ludo, a ga abin da ya faru. Jarumin Farfesa firist ne, mai hidimar haikalin rana a wata ƙasa da babu ita. Shekara uku yana renonsa, tun yana ɗan koyo har ya kai mataki na goma sha biyu. Ya raɗa masa suna Mai Alfarma Fitilar Zamani, yana kuma ajiye takardar a leda don kada gumin talakawa ya taɓa ta.

Dokokin teburin biyu ne kacal. Da fensir ake rubutu, abin da aka soke da biro kuwa ya tafi ke nan. Jarumin da ya mutu, a naɗe takardarsa a jefa a tsohon gwangwanin maɓallai, mai shi ya koma mataki na ɗaya.

To, akwai wani ƙaramin sihiri da kowane firist ke farawa da shi, sunansa Ɗan Tartsatsi. Ka nuna yatsa, wuta 'yar mitsitsiya ta fita ta ɗana wa maƙiyi. Wannan abu ya tsaya wa Farfesa a rai. Sati biyar yana bincike, hatimin ofis har ya yi ƙura. Ran nan ya iso da shafi arba'in da ɗaya, ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya sau uku.

"Jama'a, na auna shi ta gaba, na auna shi ta baya. Dayis ɗaya tal, mai fuska shida! Matsakaicin ɓarnarsa uku da rabi. Uku da rabi fa! Kashi tamanin da bakwai cikin ɗari na dodanni ba za su ma san an taɓa su ba. Wai amfaninsa shi ne ba ya ƙarewa. To, atishawa ma ƙarewa take yi? Na ba shi ɗaya bisa goma, ɗayan ma don ladabi ne."

Kafin ya kai shafi na tara Tela ya ɗinke maɓallai shida, Malama ta gama duba jarrabawar aji guda. Da ya kammala, ya zaro biro ja ya ja layi a kan Ɗan Tartsatsi a takardar Mai Alfarma. Bai ga ya isa ba, sai da ya ciro hatimin ofis daga aljihu ya buga AN SOKE.

Ana cikin haka Gwaggon Farfesa ta shigo karɓar ɗinkinta. Ba a gama ba, kamar yadda ba a gama ba sati uku da suka wuce. Ta ce yau ba ta tashi sai da rigarta, ta ja kujera ta zauna. Malama ta miƙa mata takardar firist ɗan koyo don ta rage zaman jira. Farfesa ya fara yi mata bayanin ka'idoji, ta ɗaga masa hannu.

"Kai ɗan nan, rufe min baki. Wanne ne na ƙona mutum?"

Aka nuna mata Ɗan Tartsatsi. Shi ke nan, Gwaggo ta samu sana'a. Jemage ya taso, tartsatsi. Gizo-gizo ya leƙo, tartsatsi. Har wani bawan Allah mai nuna hanya sai da ta ƙona masa gemu, wai kallon da ya yi mata bai yi mata ba. Tana jefa dayis tana shewa, Farfesa yana kawar da kai cikin takaicin masana.

Can cikin kogo suka yi karo da ƙaton dodon dutse. Nan fa Farfesa ya miƙe tsaye, ya yafa tef ɗin awon Tela a wuya, ya kira babban sihirinsa, Tsawar Rana Tsaka, wanda sau ɗaya ake yinsa a yini. Dayis goma sha biyu ya watsa, biyu suka faɗa ƙarƙashin keken ɗinki. Dodo ya zama tsakuwa. Gaskiya abin ya yi kyau, kuma kafin kowa ya faɗa, shi ya riga ya faɗa sau huɗu.

Sai dai dodon ya make shi kafin ya faɗi, ran Mai Alfarma saura huɗu. Duk da haka ya ce shi zai fara shiga ɗakin taska, shi kaɗai, ya kuma sa sakata ta ciki don kada tarihi ya rikice wajen tantance wanda ya fara shiga.

Malama ta duba littafinta ta ce, "A kan akwatin taskar akwai dinya, ƙatuwar agwagwar nan, tana kwanci. Ranta uku. Ta taso maka."

Farfesa ya yi dariyar manya. Ya duba takardarsa. Tsawa ta ƙare. Sanda kuwa tun bara ya jefar, wai firist mai daraja ba ya yawo da icce. Dinya ta sare shi a ƙwauri, saura uku. Ya yi mata jawabi kan matsayinsa a haikali, ta sare shi a gwiwa. Ya ruga wajen sakata, dayis ya ba shi ɗaya, ya taka rigarsa ya kife. Ta ƙara masa na uku a baya, saura ɗaya. Aka ga babban masani ya sunkuya yana kankare jan biro da farce.

"Malama, a duba min. Kashi sittin cikin ɗari na rubutun yana nan, ana iya karanta shi."

"Biro ne, Farfesa. Har da hatimi."

Sara na huɗu a ƙeya ya sauka. Daidai nan jarumin Tela ya ɓalle ƙofar, Gwaggo ta nuna yatsa ta jefa dayis, huɗu ta fito. Dinya ta gasu nan take, Gwaggo ta tambaya ko akwai wata.

Tela ya buɗe gwangwanin maɓallai da hannu biyu, cikin girmamawa. Shekara uku ta shige ciki har da ledarta, kuma wallahi sai da idon Farfesa ya kawo ruwa. Malama ta tura masa sabuwar takarda da guntun fensir: firist ɗan koyo, sihirinsa ɗaya tilo.

Ba a jima ba wani ɓera ya fito daga bayan akwatin. Farfesa ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ɗaga yatsa a hankali, ya faɗi sunan sihirin can ƙasan maƙoshi. Ya jefa dayis. Ɗaya. Ɓera ya sosa kunne ya wuce abinsa.

Gwaggo ta leƙo ta saman tabarau ta dafa kafaɗarsa.

"Ashe dai bincikenka gaskiya ne, ɗan nan. A hannunka ba ya aiki."