Yaƙin Jazuli da Littafin Malama Ladidi

A saurara a ji tarihin Jazuli ɗan Tanimu ɗan Malam Ɓaidu na Funtuwa, zuriyar alƙalami da tawada: jikan wanda ya kwafe littattafai goma sha ɗaya da hannunsa har yatsunsa suka kanannaɗe, ɗan wanda ya shekara talatin yana karanta wa mutanen unguwa jarida a gindin dalbejiya tun daga kanun labarai har sanarwar rasuwa. Shi kuwa Jazuli, cikamakin wannan silsila mai albarka, Sarkin Sharhi, Zakin Shafi, Limamin masu shan ruwan ɗumi da lemon tsami, Allah Ya hore masa shafi a intanet mai suna Taskar Jazuli, da mabiya dubu huɗu da ɗari biyu, da babban yatsa wanda bai taɓa sanin gajiya ba.

A wannan shafi yake yi wa al'umma wa'azin karatu da kiwon lafiya. Kowace Litinin sai ya ɗora hoton littafi kusa da kofin shayi, ya rubuta cewa wanda bai karanta littafi guda a mako ba ya zalunci ƙwaƙwalwarsa. Kowace Alhamis ya hori jama'a da tattaki da cin ganye, yana kwance a katifa, kwanon taliyar jiya na gefen kansa. Gaskiyar da marubuta tarihi suka tabbatar ita ce, tun da ya bar sakandare bai taɓa wuce shafi na goma sha huɗu na kowane littafi ba. Bayan bango yake karantawa, sauran kuma ya bar wa balagar baki.

Ana nan sai Malama Ladidi, wadda ta koya masa haɗa baƙi a aji uku na firamare, ta yi ritaya ta rubuta littafin da ta shekara ashirin tana ɗauke da shi a zuciya, mai suna Bakin Gadar Mairuwa. Ranar da aka kawo ɗaurin farko daga maɗaba'a, kwafin da ke sama ta zare ta aiko masa, domin a ganinta duk cikin ɗalibanta babu wanda ya riƙe karatu kamarsa. Ta kuma zaɓe shi ya zama mai bitar littafin ranar ƙaddamarwa, a gaban manyan gari. Wannan kujera ita ce burin ransa. Har ya kai shadda ɗinki, har ya gwada tsayuwa gaban madubi. Kwana biyu da karɓar littafin ya rubuta wa duniya cewa sau uku ya sauke shi, kuma babi na tara ya sa shi kuka har Inna ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Littafin kuwa yana kan taga cikin ledarsa, ya tokare labule.

Sai jarrabawa ta sauko wa gwarzo ta inda bai zata ba. Wata safiya ya tashi wuya ya sanƙare, ba dama ba hagu. Likita ya duba, ya ce ba iska ba ce ba sammu ba, sunkuyo ne a kan waya na shekara shida. Ya ɗaura masa farin abin nan mai tauri da ke tallafe haɓa, ya hana shi sunkuyawa har mako uku. Jazuli ya dawo gida sanye da wannan sulke, kai a ɗage kamar mai duban jinjirin wata, ya ɗauki hoto ya sanar da mabiya cewa yawan nazari ya kwantar da shi, yana neman addu'a. Ya manta cewa a garin nan ba a yi wa mara lafiya addu'a daga nesa. Ana sallame azahar saƙo ya shigo: Malama Ladidi na tafe dubiya bayan la'asar.

A nan ne aka buga tambarin yaƙi. Sadauki ya miƙe, ya zare littafi daga taga labule ya faɗo masa a ka, ya yage leda da haƙori, ya ƙidaya dakarun abokan gaba ya same su shafi ɗari da ashirin, shi kuwa sa'a biyu kacal gare shi da wuya ɗaya wanda ba ya lanƙwasuwa. Ya ɗaga littafin sama daidai hancinsa ya afka wa shafin farko. Ya ci shafi na biyu da na uku da yaƙi. A na biyar rundunar hamma ta kawo masa farmaki ta dama, waya ta yi ƙara ta hagu, ya yi ta maza ya kife ta, ya sake buɗe ta don ya tabbatar ta kifu, aka yi asarar minti ashirin a wannan sansani. A na tara hannuwa suka gaji da ɗaga littafi. A na goma sha huɗu, tsohuwar iyakar daularsa, ya tarar da ganuwar da ba a taɓa ba shi labarinta ba: shafukan gaba a manne suke ta sama, wuƙar maɗaba'a ba ta raba su ba. Duk wanda ya ɗaga littafin nan zai san ba a taɓa shiga cikinsa ba.

Wani ƙaramin mutum da nan zai zauna ya shirya faɗin gaskiya. Jazuli ba ƙaramin mutum ba ne.

"Inna, wuƙa!" in ji shi, da muryar da ta kori kaji daga tsakar gida.

Inna ta miƙo masa wuƙar da take yanka kuɓewa, ba ta ko tambaya ba, don ta daɗe da daina tambayarsa. Ya zauna, ya ɗora littafi a cinya inda idonsa ba ya kaiwa, kai a sama, ido a kan agogon bango, ya shiga sara da lalube. Ya farke ganuwa bayan ganuwa, ya naɗe kusurwoyi, ya murza bango a gwiwa har ya yi laushi, ya ɗiga shayi a wurare uku don a san an yi zaman dare da rana. Sannan ya zaro jan biro, takobin kakanni, ya bi shafuka yana ja wa layuka layi a makance. Da ya kai inda lissafinsa ya ba shi nan ne babi na tara, ya ja layi biyu masu kauri, ya rubuta a gefe da lalube: A nan na yi kuka. Ladan na kiran la'asar, Mai Nasara na share yauƙin kuɓewa daga bango, fagen fama ya cika da gutsattsarin takarda, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Malama ta yi sallama ta shigo a hankali, tana dogara lema, da ledar lemo da ayaba a hannu. Suka gaisa da Inna, ta zauna a tabarma ta dubi sulken da tausayi na gaske.

"Sannu Jazuli. Ya jikin? Ka rage karatun nan haka, ɗana, ido da wuya amana ne."

"Da sauƙi, Malama. Ai littafinki ne ya hana ni ajiyewa."

Bai jira an tambaya ba, ya miƙa mata ganimar da hannu biyu. Ta karɓa tana murmushi, ta sa tabarau, ta buɗe. Murmushin ya kai shafi na sittin, a nan ya tsaya. Ta ƙara buɗawa, ta ƙara, har ta iso inda aka ja layi biyu, ta karanta a fili, a natse, da muryar da take yi musu shifta a aji uku:

"Idan kashin kaza ya zama fari kuma ya tsinke, a ware ta daga sauran, a wanke mazubin ruwa da toka." Ta gyara tabarau. "A nan ka yi kuka."

Ashe kwafi goman farko an yi kuskure wajen ɗinki, an haɗa rabin labarinta da rabin wani ɗan littafin kiwon kaji. Mutum tara sun dawo da nasu tun makon farko. Na goman ne ya sauke nasa sau uku. Malama ta buɗe jaka ta fito da kwafi mai kyau wanda ta kawo masa. Ta ce da ta ga sharhinsa ta ɗauka aron na wani ya yi, kunya ta hana shi gaya mata an ba shi gurɓatacce, har ta yi ta yabon tarbiyyarsa a gaban mutane.

Jazuli ya so ya sunkuyar da kai. Sulke ya hana. Haka ya zauna, haɓa a sama, yana kallon tsohuwar ido cikin ido, kunya na cin sa babu wurin ɓoye fuska.

"Ni na koya maka karatu," in ji ta, tana mayar da kwafin mai kyau cikin jaka. "Da ka ce mini ba ka iya zama da shi ba, wallahi da na zo na karanta maka da bakina. Bitar kuma ka bar ta, ka ji da wuyanka. Allah Ya ƙara sauƙi."

Ta bar masa lemo da ayaba, don dubiya ta zo.

Haka aka tashi daga wannan yaƙi mai girma. Shadda ta dawo daga ɗinki ta shige akwati da guga a jikinta. Littafin kuwa bai tashi a banza ba: Inna ta ɗauke shi, ta sa maƙwabciya ta karanta mata daga shafi na sittin har ƙarshe, ta ware wata kazarta mai zawo, ta wanke mazubin ruwa da toka. Kazar ta warke.