Yadda Ake Dawo da Ɗalibi Gida Kafin Yankan Riɗi

Ɗanka ya tafi ƙasar waje karatu. Karatu ya kusa ƙarewa, bizar ɗalibi ma haka. Yanzu yana neman izinin aiki don ya zauna can. Kai kuma gwiwoyinka sun fara ƙara, gona tana jira, kuma ba za ka roƙi abin da ka haifa ba. Bi matakan nan, da ƙafarsa zai dawo. Tabbas ne. Na gani a wurin maƙwabcina Mudi, mai gonar riɗi a Simsim, nan yankinmu na Gadarif, da ɗansa na fari Munir, wanda ya tafi koyon injinan noma.

Mataki na 1: Kada ka gane kalmar

Zai kira ka ya ce, "Yaba, iƙamata ta kusa ƙarewa." Ka san takardar zama yake nufi, rabin mutanen Gadarif sun yi zaman Saudiyya. Kada ka nuna. Mudi cewa ya yi, "In iƙama ta ƙare sai a kabbara salla. Me kake jira?" Yaron ya yi dariya. Mudi bai yi ba. Dattijo ba ya dariya a waya.

Mataki na 2: Saurari hanyoyin duka, ka kushe kowace

Zai jero maka su. Akwai ta ɗalibi, mai barin mutum ya yi aiki na 'yan awoyi. Ka ce wannan ai hutu ne. Akwai wadda ake ba wanda ya gama, ya nemi aiki kafin wa'adi ya cika. Ka ce ga aiki nan yana neman sa. Akwai wadda kamfani ke tsaya wa mutum. Nan ka gyara murya: "Kafili ke nan, ubangida irin na Saudiyya. Kakanmu da ƙafa ya taso daga Katsina zai je Makka, ya tsaya nan ya yi noma. Waye kafilinsa?"

In ya ce ai kakan bai ƙarasa Makkar ba, ka ce murya tana yankewa.

Mataki na 3: Tura uwar

Kada bakinka ya ce ka gaji. Matar Mudi, Ummusalama, ita ta faɗa wa yaron cewa riɗi ya kusa nuna, in ba a yanka ba zubewa zai yi, tarakta kuma tana tari. Kai ka zauna gefe da jabanarka ta gahawa, ka ɗaga murya yadda zai ji: "Wa ya aike ki?"

Mataki na 4: Fake da alkunya

Kamfanin zai nemi shaidar cewa ya taɓa aiki a gona. Wa za su tambaya? Kai. Nan nasara take. Mu ba ma kama sunan ɗan fari, balle mu yabe shi. Tun ranar suna Mudi "wancan" yake ce masa. Sai ka ce ba ka ga wani abin a zo a gani ba. A gida babu mai zargin ka, al'ada ce. Su kuwa can ba su san al'ada ba.

Mataki na 5: Riƙe bakinka

Mutanen kamfanin suka kira Mudi, da tafinta, wani Haitham mutumin garin Madani.

"Ya Hajj, yaya aikinsa?"

"Wancan? Haka dai."

"Ya iya gyaran tarakta?"

"Yana taɓawa."

Haitham ya juya wa mai kamfanin, suka yi yarensu, ya dawo. "Ya Hajj, ya ce ke nan abin da yaron ya faɗa musu ƙarya ne?"

Mudi ya ajiye finjalin gahawa.

"Ƙarya? Ka ce masa Munir..." Ummusalama ta tsaya da tankaɗe, ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba. "Munir ya sauke injin tarakta a tsakiyar damina, cikin laka, ya mayar da shi, gemu bai fito masa ba. Daga Simsim har Mafaza a kawo wanda ya fi shi. In kuna da kamarsa a ƙasarku, me ya sa kuke kira na?"

"Tamam, ya Hajj. In fassara duka?"

"Kada ka rage ko harafi."

Mataki na 6: In takarda ta fito

Ta Munir ta fito tun ba a kakkaɓe riɗi ba. Naka ma zai kira ya ce: "Yaba, sun ce maganarka ce ta yi." Ka ce, "Ka riƙa sa rigar sanyi," ka miƙa wa uwar waya. Mudi ya ba da aron rabin gonar. In an tambaye ka a masallaci, ka ce kai ka ce ya zauna.

Matakan nan ba su da aibi. Wanda ya bi su ɗansa bai dawo ba, bakinsa zai tuhuma. Kada a zo ƙofata da kuka, ba ni na haifa ba. Kada kuma a je yi wa Mudi jaje. Yana cikin rabin gonar da ya rage, shi kaɗai, ya ce dama ba ya son hayaniya.