Ranar da na kori mutanen Inkil daga bakin rijiya

Ba zan taɓa mantawa ba da fitata ta farko aikin awon rijiyar burtsatse, a Inkil. Na kammala karatun ilimin duwatsu a Yelwa, na samu aiki wurin Oga Chinedu, wani ɗan kudu mai kamfanin haƙa rijiyoyi.

Aikin shi ne mu zura wata na'ura mai kama da dogon bututu cikin ramin. A bakinta akwai sinadari mai fitar da hasken gama, wanda ido ba ya gani, da shi take auna nauyin dutsen da ke ƙasa. Oga ya rataya mini ƙaramin ma'auni a wuya, ya ce zai yi ƙara idan hasken ya yi yawa. Tun daga nan na kasa kunne ga ma'aunin (ban daɗe da kai kuɗin aure ba, kuma na ji an ce abin yana hana haihuwa).

Ramin bai yi santsi ba, bangonsa duk ya zaizaye. Na'urar ta ƙi mannuwa da bango, awon yana ta tsalle, can kuma ta maƙale. Oga ya ce in riƙe wayar da muka zura na'urar da ita, kada in ja. Mai unguwa da mata masu bokitai sun kewaye mu, ni kuwa ina ta salati a zuci.

Sai na ji ƙit-ƙit a ƙirjina.

Na saki wayar na kwarma ihu: "Ku gudu, guba ta fito!"

Mata suka watsar da bokitai, mai unguwa ya tattare babbar riga ya faɗa gonar masara. Ni na riga kowa, har na bar takalmi ɗaya.

Oga ya biyo ni yana haki, ya duba ma'aunin, sannan ya zaro wayar salulata daga aljihun gaba. Ashe ita ce ke ƙara, caji ne ya kusa ƙarewa.

"Malam, ma'aunin nan ma ba ka kunna shi ba," in ji shi.

Mun ciro na'urar lafiya. Amma mutane suka ƙi ruwan, sai da na bi gida-gida ina ba da haƙuri, na kuma cika kofi da ruwan na sha a gaban mai unguwa.

Yanzu kafin in buɗe baki a wurin aiki, sai na laluba aljihuna tukuna.