Zomon Mma Lariba a Aljihun Rigata

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi da hantsi ba, a unguwar Nima, farkon shekarun sittin. Waɗanda suka halarta: limamin unguwa, mahautan Sabon Zongo dangin ango, makaɗa, ni, da wani zomo da ba a gayyata ba.

Lokacin ina karanta labaran Hausa a gidan rediyo, ina haya a gidan Mma Lariba mai shinkafa da wake. 'Yarta ake aurarwa. Mma tana da farin zomo mai suna Bature, wanda take ji da shi fiye da mu 'yan haya. Da su biyu ne. Ɗayan ya mutu ranar Sallah, ba ciwon komai, makaɗa ne kawai suka tsaya a bakin kejinsa.

Ana fara kiɗa ta ja ni bayan madafi. Bature ya maƙure a lungu, kunnuwa a kwance, ido waje, jiki na ɓari.

"Malam Rediyo, taimake ni, hannuna na cikin tukunya," in ji ta. "In wannan ma ya mutu, wallahi a haɗa da ni a binne."

Na yi yadda na saba ganin tana yi. Na durƙusa, ban kawo masa hannu ta sama ba, na bar shi ya shinshina yatsuna, sannan na rufe masa ido da tafi. Ya ɗan lafa. Duhu yake so da maɓoya, ga kowane ɗaki cike da mata masu guɗa. Sai na dubi babbar rigata, farar shadda ɗinkin Kano, da zuzzurfan aljihun nan na ƙirji. Na zura shi. Ya yi lamo. (A wannan lokacin na ɗauki kaina mutum mai basira.)

Sai na ji ana kira: "Ina Malam Rediyo? Ya zo ya yi sanarwa!" An ɗaura aure, kuma dangin amarya suna so baƙi su ji cewa suna da murya a gida.

Na tsaya tsakiyar fili, hannun hagu a ƙirji ina shafawa a hankali. Jama'a suka ɗauka abin ne ya taɓa mini zuciya. Na yi ƙasa da murya, irin ta labaran duniya, na fara jero sunaye. Ina jin bugun zuciyar Bature yana raguwa, jikinsa yana saki. (Ashe abin da nake yi wa masu sauraro ke nan kullum.)

Daga nan na ji ɗumi.

Ga wanda bai sani ba, fitsarin zomo ba kamar ruwa yake ba. Launinsa na tofin goro ne, warinsa kuma ba ya neman izini. Ya bi ta cibiya ya sauka daidai inda bayani ba ya amfani.

Baba Sallau, kawun ango, ya nuna ni da sanda. "Ei, jama'a! Rediyon yana yoyo!"

Wuri ya kece da dariya. Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Makaɗa kuwa, da suka ga inda hankali ya koma, suka taso kaina da ganguna. Bature ya sake ɗaukar ɓari.

Zaro shi kawai zan yi in wanke kaina. Amma a gaban ganga, a gaban mahauta? Na ninka hannun riga na ƙara lulluɓe shi, na ƙarasa sanarwa har sunan ƙarshe. Sannan na ratsa filin nan a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai, don gudu zai jijjiga shi. Ban san Nima na da faɗi haka ba.

Mma ta karɓe shi, ta duba kunne, ta duba ciki. Ni ko kallo ban samu ba.

"Ei, Baturena, ka wahala," ta ce. Can ta ɗago. "Malam, bar mini rigar nan. Ya saba da ita."

Daga baya ta gaya wa kowa gaskiya, amma mutane sun fi son labarin farko.

Abin da na koya: zomo mai tsoro yana son duhu, murya ƙasa-ƙasa da hannu mai sanyi. Sai dai in hankalinsa ya kwanta, komai nasa kwanciya yake yi, don haka ka sa baƙar riga.

Bature ya tsufa a kan shaddata. Duk ranar kiɗa, Mma takan ajiye kejinsa kusa da akwatin rediyo in lokacin labarai ya yi.