Cindo da Akun Marigayi

A ƙauyen Rafin Ɗinya an yi wani Cindo, wanda idan ka ce masa ya tsaya, to sai ka tuna ka dawo ka ce ya tafi. Su uku ne a gida: shi, da mahaifiyarsa Inna Tabawa, da wani aku mai jan wutsiya da mahaifin Cindo ya rasu ya bari. Akun nan ya kwashe muryar marigayin tsaf. Kullum da safe sai ya ce, "Tabawa, kawo ruwa!" Ita kuwa sai ta amsa, ta share hawaye. Ana haka sai ma'aikatan gandun daji suka yi shela cewa duk mai aku ba da takardar izini ba, ƙwacewa za su yi.

Wata rana Inna ta tura Cindo birni da akun, neman takardar. Jami'in ofis ya ce sai da hoton tsuntsun, sai Cindo ya kai shi wurin mai hoto. Mai hoto ya ce, "Kada ka motsa sai na ce." Ya ɗauka, ya shiga hidimar wasu, ya manta da shi. Bawan Allah ya sandare har la'asar, aku na kan kafaɗarsa yana warware masa zaren hula. Sai da mai hoton ya tuna ya sallame shi, ya dawo gida da rabin hula, amma da hoto a hannu.

Wata rana takarda ta fito. Jami'in ya ja masa kunne: "Duk inda akun nan yake, ita ma ta kasance nan." Cindo bai yi wata-wata ba, ya cusa ta cikin keji. Kafin Inna ta idar da salla, aku ya yi mata kaca-kaca. Guntun da ya tsira lamba ce kawai a jiki, shi ma iska ta yi gaba da shi bayan maƙwabci ya karanta musu.

"Ka kashe ni, Cindo!" in ji Inna. "Yi ta maimaita lambar nan, kada ka daina."

Ai kuwa bai daina ba. A ce masa ina kwana, ya ce, "Bakwai, uku, tara, biyu." Mai ƙosai ta tambaye shi na nawa, ya ba ta lamba. Har liman ya aiko a tambayi Inna ko lafiya.

Wata rana sai ga ma'aikatan a ƙofar gida. Babbansu ya nemi takarda, babu. Cindo na gefe yana ta zuba lamba kamar famfo, mutumin ya daka masa tsawa: "Kai, yi mana shiru!" Cindo ya yi gum. Da Inna ta yi bayani, sai mutumin ya ce, "To faɗi lambar mu bincika." Ko uffan, ai an ce ya yi shiru. Ita kuma tsoro ya kore mata lambar daga kai. Suka ɗauki keji, Inna ta bi su tana roƙo.

Sai aku ya gyara tsayuwa, ya ce da muryar Cindo, "Bakwai, uku, tara, biyu!"

Babban ya buga waya ofis, ya saurara, ya mayar da kejin inda yake da hannunsa. "Iya, akunku ne. Ku zo a sake muku wata."

Inna ta rangaɗa guɗa, ta rungume ɗanta. "Yi magana, ɗan albarka!"

Kafin Cindo ya buɗe baki, muryar marigayi ta riga shi: "Tabawa, kawo ruwa!"

Tana dariya tana kuka, ta kawo wa kowa.