Keken 'Yan Biyun Solomon da Bas ɗin Hukuma

Jama'a, yau ba kukan kaina na kawo muku ba. Na maƙwabcina ne, Solomon mai gyaran rediyo, wanda katanga ɗaya ta raba mu a nan Kontagora. Ranar Litinin ɗin Ista ya ɗebi iyalinsa zuwa shan iska a motar hukuma, ya dawo da ƙafafu a kumbure da takarda mai hatimi a aljihu.

Laifin sana'arsa ne. Mai gyaran rediyo dole ya saurari duk abin da rediyo ta faɗa, har wata rana ya wayi gari ya fara yarda. Mako biyu ana shela cewa manyanmu masu tausayi sun gina Lambun Nishaɗin Talakawa a bayan gari, tafiyar mil biyar. Akwai lilo, akwai jirgin ƙasa na yara, akwai tafkin wanka da namun daji. Bas goma sababbi fil za su kwashi jama'a kyauta daga bakin kasuwa. A wannan zamani da mutum ke yin kwana biyu a layin mai, wa zai ji kyauta ya zauna?

Matarsa Dorkas wata takwas ke nan da haihuwar 'yan biyu, mace da namiji, kuma tun daga lokacin ba ta taka ko'ina ba sai coci da asibiti. Yayarta da ke Kaduna ta aiko mata da keken jarirai na gwanjo, mai kujera biyu a jere, da rumfa, da ƙafafu takwas. An ce a ƙasar da aka ƙera shi yana naɗewa. A Kontagora dai ya ƙi, tsatsa ta cinye makamarsa. Amma a cikinsa kaɗai yaran nan ke yin barci lokaci guda. In ba a cikinsa ba, ɗaya na ajiye kuka ɗaya na ɗauka. Ni shaida ne, ta katanga.

Ƙarfe tara suka isa bakin kasuwa, Dorkas da kular shinkafa, Solomon cikin takalminsa na zuwa coci. Ƙarfe goma sha ɗaya bas ta zo. Guda ɗaya, tsohuwa tukuf, an shafe ta da sabon fenti har da rabin gilashin. A bakin ƙofarta wani bawan Allah ya tsaya da usur a wuya da fayil a hamata. An liƙa masa takarda a ƙirji: Babban Jami'in Hawa da Sauka.

"Wannan mene ne?" in ji shi.

"Keken yara ne, ranka ya daɗe," in ji Solomon.

Jami'in ya lashi yatsa ya buɗe fayil. "Doka ta huɗu. Ba a shiga da abin hawa cikin abin hawa."

"To a ɗauke shi a matsayin kaya."

"Doka ta biyar. Ba a shiga da kaya. Shaƙatawa za a je, ba ƙaura ba."

Dorkas ta ce, "To yaran fa, yallaɓai?"

"Yara fasinja ne. Amma kowace uwa da ɗa ɗaya a cinya, haka aka rubuta." Ya leƙa ƙarƙashin rumfar, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. "Wa ya ba ku izinin biyu?"

"Sai ka tambayi Wanda ya bayar," in ji Dorkas.

Wata tsohuwa a layi, Gwaggo mai ƙosai, ta gaji da rana ta ce a miƙo mata ɗaya ta riƙe. Nan take jami'in ya samu sauƙi. Ya rubuta Gwaggo, mai shekara saba'in ba haƙori ko ɗaya, a matsayin mai jego, ya ce Allah ya raya.

Saura keke. Ko da doka ta yarda, ƙofa ba ta yarda ba, don ya fi ta faɗi da yatsa huɗu. Solomon ya karkata shi, ya kifa shi, ya tsayar da shi, gumi na zuba, mutanen baya na tsaki. Akwai babbar ƙofa a bayan bas ɗin, amma makullinta na hannun wani jami'i da ya tafi ta'aziyya Rijau. Saman motar kuma an ɗaure lasifika biyu da allon godiya ga manya.

Solomon ya dubi matarsa. Ta sha sabon zane, ta yi kitso tun Asabar. Ya san in suka koma gida daga nan, ba za ta ce masa komai ba, kuma wannan ne abin da ya fi tsoro.

Direban, Sati, wanda cocinsu ɗaya, shi ya sauko da igiyar guga ya ɗaure keken a bayan mota ba kowa ciki. Jami'in ya duba fayil daga farko har ƙarshe bai ga dokar jan keke ba. Ya ce tunda ba a rubuta ba, shi bai gani ba, ya busa usur. Haka suka fita gari, bas na tari, keke na biye da ita yana rawa, masu shaguna na fitowa kallo.

A mil na uku bas ta yi atishawa sau biyu ta tsaya. Sati ya juyo ya ce a yi haƙuri, da safe aka zo da tiyo aka zuƙe man aka zuba wa motocin rakiyar Babban Baƙo, aka bar masa abin da zai kai shi inda ya kai.

Mutane suka fara sauka za su ƙarasa a ƙafa. Jami'in ya tare hanya, hannu a buɗe. "Ba mai zuwa a ƙasa! An riga an buga a cikin jawabi cewa jama'a sun zo a bas. Kuna so ku ƙaryata Mai Girma?"

Saboda haka mata suka koma ciki, maza suka sa kafaɗa. Ku dubi hikima irin ta manyanmu: sun ga talaka ya rasa motsa jiki, sun tanadar masa.

Cikin motar ya zama kamar tanda. 'Yan biyu suka buɗe murya tare, abin da ba su saba ba. Solomon na cikin turi ya ga Dorkas ta sauko, ta karɓi ɗanta daga hannun Gwaggo, ta kwance igiya, ta kwantar da yaran, ta ɗora kula a ƙasan keken ta kama hanya.

"Madam, doka!" in ji jami'in.

"Ka ce mata ta biyo ni," in ji Dorkas, ko waiwaye ba ta yi ba.

Sai bayan azahar bas ta kai ƙofar lambun. Jami'in ya sa mazan suka shiga suka zauna minti ɗaya, sannan suka sauko a matsayin fasinja. Solomon ya shiga yana ɗingishi. Ya ga lilo, ƙarafa a tsaye ba kujera. Ya ga layin dogo taku ashirin, jirgin an ce yana kan teku. Tafkin wanka rami ne ƙadangaru na shan rana a ciki. Akwai keji da aka rubuta wa ZAKI, da wata akuya a ciki tana tuƙa.

Can ya ji kiɗa da tafi. Ya kutsa cikin taro, sai ga Mai Girma Uban Almakashi da kansa, cikin babbar riga mai aska tara, yana tura keken 'ya'yan Solomon, masu hoto na ja da baya a gabansa. Yaran na ta sharar barci.

Dorkas ta raɗa masa yadda aka yi. Mai Girma ya yanka kirtani, ya ce a nuna masa abu ɗaya mai motsi kafin ya tafi. Babban Daraktan Nishaɗi na cikin zare ido sai ga ta ta shigo. Ya ruga ya karɓe keken, ya sanar a lasifika cewa ga sabuwar motar yara mai kujera biyu da aka yo oda daga ƙasar waje, ba ta shan mai, ba ta buƙatar lantarki. Mai Girma ya yi taku shida da ita, ya ce lallai an yi aiki, ya shiga mota.

Da suka zo fita, maigadi ya sa sanda. Ashe tun ana tafi mai fenti ya bi gefen keken ya rubuta masa lamba: ta ɗaya.

"Kayan hukuma ba ya fita," in ji maigadi.

Solomon ya je ofishin Darakta ya durƙusa. Ya yi bayanin yayar Dorkas, ya nuna inda shi da kansa ya ɗaure ƙafar baya da wayar rediyo. Darakta ya ce yana tausaya masa ƙwarai, amma abin da Mai Girma ya taɓa a gaban 'yan jarida ya wuce hannun kowa. Ya ce Solomon ya cika fom, kwamiti zai zauna bayan damina.

Solomon ya fito ido ya kawo ruwa. Dorkas ta saurare shi har ya gama. Sai ta tura keken da yaran a ciki har tsakiyar ofis, ta ciro kularta ta ce, "Yallaɓai, tunda motar taku ce, ga ta da fasinjojinta. Ƙarfe uku suke cin abinci." Ta ja hannun mijinta suka zauna a gindin darbejiya, ta zuba masa shinkafa.

"Maman 'yan biyu, anya kuwa?" in ji Solomon.

"Ci abincinka."

Ƙarfe uku saura minti biyar macen ta farka, ta tashi ɗan'uwanta. Ta taga suka hango Darakta yana jijjiga keke, sakatare na kaɗa makullai, Jami'in Hawa da Sauka na busa usur a hankali. Solomon ya miƙe sau biyu, Dorkas na jan rigarsa. Ita ma dai, ya lura, cokalinta bai kai baki ba ko sau ɗaya.

Ba a yi minti goma ba Darakta ya fito da kansa, hula a karkace, takarda a hannu. Kwamiti ya zauna na gaggawa. An ba Solomon aron motar hukuma mai lamba ɗaya domin gwaji, an kuma naɗa shi direbanta na wucin gadi, ba albashi.

Wata motar dawa ce ta rage musu hanya zuwa gari. Direban ya ɗaga keken ya aza a kan buhuna, bai tambayi ko keke ne ko kaya ba.

Jiya masinja ya kawo wa Solomon wasiƙa. Wani Mai Girma da ya fi na farko girma zai ziyarci lambun ranar Asabar. A kawo mota da fasinjojinta biyu a wanke, kuma a tabbatar ba su ƙara girma ba, don su dace da hoton da ke bangon ofis. Solomon ya leƙo ta katanga yana neman shawarata. Na ce ya tambayi Dorkas, ita ce ta karanci aikin hukuma.

Ni kuwa ina da wani baro da nake kwasar shara da shi, ƙafarsa na juyawa lafiya lau. Tun jiya na shigar da shi ɗaki na lulluɓe da tabarma. In kun ji rediyo ta ce jirgin ƙasan yara ya iso daga teku, mai ƙafa ɗaya da mariƙi biyu, ku biyo ku yi mini jaje.